Yadda Ƙananan Halittu Su Ke Samun Ƙarfe

Duk wanda ya shiga makaranta ya ji labarin ƙananan halittun nan da ba a ganinsu sai da madubin likita. Amma sau da yawa in muna koya wa yara, iyakar abin da mu kan ce musu shi ne, "Ga ƙwayoyin cuta, ku riƙa wanke hannu." Yaro sai ya tashi yana zaton dukansu abokan gaba ne, ba ya kuwa tambayar abin da su ke ci, ko inda abincin ya ke bi ya shiga. A cikin wannan darasi ina so mu ɗauki abu guda kaɗai daga cikin abincinsu, watau ƙarfe, mu bi sawunsa har ya shiga ciki. Za mu ga gonar gyaɗa a ƙasar Fika, da shanun da a ke kaiwa kasuwar Potiskum, da ciwon sanƙarau da kan zo mana da bazara, duk suna da hannu cikin wannan al'amari.

1. Iri biyu ne

Na farko su ne bakteriya. Wani mai sayar da tufafi a ƙasar Holan, sunansa Antonie van Leeuwenhoek, shi ya fara ganinsu cikin 1676 da wani ɗan madubi da ya gyara da hannunsa. Ƙanƙantarsu ta kai in an jera guda dubu, da ƙyar su cika milimita ɗaya ko biyu.

Na biyu su ne arkiya. A ido kamarsu ɗaya da bakteriya, saboda haka aka daɗe ana haɗa su wuri guda. Sai cikin 1977 wani masani na Amurka, Carl Woese, ya nuna cewa dangi ne dabam. Ana samunsu a maɓuɓɓugan ruwan zafi, da tafkunan gishiri, da cikin tumbin shanu da tumaki.

Dukansu biyu ba su da baki, ba su da hanji. Kowace ɗaya ɗan ɗaki ne guda rufaffe. Abin da za ta ci duka sai ya ratsa ta bango.

2. Me za su yi da ƙarfe?

A cikin ɗan ɗakin nan akwai ma'aikata dubbai, ana kiransu furotin. Su ke narka abinci, su ke gina jiki, su ke yin numfashi. To, kamar yadda tela ba ya ɗinki sai da allura, haka wajen kashi ɗaya cikin uku na waɗannan ma'aikata ba su iya kome sai an ɗora musu ƙwayar zarra ta ƙarfe a daidai wurin da su ke aiki.

Ƙarafan da a ke bukata su ne baƙin ƙarfe, da tutiya, da jan ƙarfe, da manganis, da nikel, da kobal, da molibdinam, da kuma tangistan ga waɗansu. Ku lura, ba guntun ƙarfe irin na maƙera mu ke nufi ba. Narkakken ƙarfe ne cikin ruwa, zarra ɗai-ɗai, kamar yadda gishiri ya ke ɓacewa cikin miya. Abin da a ke so kaɗan ne ƙwarai, amma in babu shi aiki ya tsaya cik.

3. Bango da ƙofofi

Bangon ɗakin nan wani tantani ne na mai, siriri ƙwarai. Ku zuba gishiri cikin ruwa, zai narke. Ku zuba cikin man gyaɗa, zai kwanta a ƙasa yana nan yadda ya ke. Narkakken ƙarfe ma halinsa ke nan: yana tafiya cikin ruwa, ba ya ratsa mai. Saboda haka ko da ƙarfe ya kewaye halittar ta ko'ina, ba zai shiga da kansa ba.

Ku tuna da birnin Kano da ganuwarsa. Baƙo ba ya haura ganuwa, sai ya bi ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Nasarawa, sarkin ƙofa kuwa ya dube shi tukuna. Haka tantanin nan ya ke da ƙofofi, su ma na furotin ne. Bambancin shi ne kowane ƙarfe da ƙofarsa, kuma mai gadin ba ya jira baƙo ya shigo, jawo shi ya ke yi. Dalili kuwa, ƙarfen da ke waje ya fi na ciki ƙaranci nesa, tara shi a ciki kamar kai ruwa kan tudu ne, sai an kashe ƙarfi.

Ga manyan hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce ƙofa mai ma'aikata uku, masana suna kiranta ABC. Ma'aikaci na ɗaya yana bakin ƙofa daga waje, siffarsa kamar hantsaki. In zarrar da ya ke nema ta zo, sai ya damƙe ta. Wadda ba tasa ba, ba ta zauna masa daidai, sai ta wuce. Na biyu shi ne ramin da ya ratsa tantanin. Na uku yana daga ciki, shi ke ƙona wani abu da a ke kira ATP, wanda ya ke kamar kuɗin kashewa ne na kowane mai rai. Da ya ƙona, sai ƙofar ta juya: bakin waje ya rufe, na ciki ya buɗe, ƙarfe ya faɗa ciki. Ba a buɗe baki biyun gaba ɗaya, domin kada kayan ciki su zube. Ƙofar molibdinam sunanta ModABC, ta tutiya kuwa ZnuABC.

Hanya ta biyu ta fi sauƙi, furotin guda ne. Halittar kan riƙa fitar da zarrar haidirojin waje, har su taru kamar ruwa a bayan madatsa. Sa'ad da su ke komowa ciki, sai ƙofar ta sa kowace ta shigo da ƙarfe tare da ita, kamar mai shiga kwalekwale ya bi ruwa. Ƙofar manganis mai suna MntH haka ta ke aiki.

Hanya ta uku ta shafi bakteriya masu tantani biyu, na waje da na ciki. A tantanin waje babu ATP. Ƙofar da ke can tana da toshi. In kaya ya iso, wani furotin mai suna TonB sai ya miƙo hannu daga tantanin ciki, ya janye toshin, kayan ya shiga soro. Daga nan ƙofar ABC ta ƙarasa da shi cikin gida.

4. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa

Baƙin ƙarfe shi ne wanda aka fi bukata, shi ne kuma ya fi wuyar samu. Wataƙila wani zai ce, "Ina wuya? Jar ƙasa da marmara ba ƙarfe ne ya ba su launi ba?" Gaskiya ne. Amma ku bar ƙusa a waje da damina, ku ga abin da za ta zama. In iska ta taɓa baƙin ƙarfe sai ya zama tsatsa, tsatsa kuwa ba ta narkewa cikin ruwa. Ƙarfen ƙasa galibi irin wannan ne.

Dabarar da bakteriya da yawa su ke yi ita ce su aika ɗan dako. Su kan ƙera wani ɗan sinadari, su sake shi waje. Sunansa sidarofo, da harshen Girka ma'anarsa mai ɗaukar ƙarfe. Shi ke ɓamɓaro zarrar ƙarfe daga tsatsa, ya rungume ta kam, ya komo da ita ta hanya ta uku. Wani masani, J. B. Neilands, ya ware wani irinsa cikin 1952, yanzu kuwa an san fiye da iri ɗari biyar. Har sata a kan yi: wata bakteriya ba ta aika nata ɗan dako, sai ta gina ƙofar da za ta karɓi na maƙwabciyarta.

Inda babu iska, kamar cikin laka ko cikin hanji, ƙarfe yana narkewa sosai. A can ba a bukatar ɗan dako, wata ƙofa mai suna FeoB ita ke shigar da shi kai tsaye.

Akwai kuma waɗanda suka haƙura da baƙin ƙarfe. Lactobacillus plantarum, ɗaya daga cikin masu sa ƙullun koko ya yi tsami, kusan ba ta bukatarsa, manganis ta ke tarawa a madadinsa.

5. Sanin lokacin rufe ƙofa

Kome ya yi yawa ɓarna ne. Baƙin ƙarfe in ya wuce kima a ciki, sai ya haɗu da iskar numfashi ya haifi guba mai lalata jikin halittar. Jan ƙarfe ya fi shi haɗari, domin yana ƙwace mazaunin sauran ƙarafa, ma'aikaci ya tashi da kayan aikin da ba nasa ba. Shi ya sa bakteriya ba su daɗewa da rai a kan farantin jan ƙarfe.

Saboda haka akwai magatakarda mai lissafi. Na baƙin ƙarfe sunansa Fur. In ƙarfe ya wadata, zarra ɗaya ta kan manne masa, shi kuwa ya je ya hana a ƙera sababbin ƙofofi. In ya yi ƙaranci, zarrar ta sake shi, ƙira ta ci gaba. Tutiya da nikel da molibdinam kowanne da nasa magatakarda. Akwai kuma ƙofofin fitarwa, irin CopA, mai tura rarar jan ƙarfe waje.

6. A gonar gyaɗa da wake

Kowane manomi a Fika ko Gadaka ya san in an shuka gero a inda aka cire gyaɗa ko wake, ya kan yi kyau. Ga dalili. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da mu ke shaƙa naitirojin ce, ita ce kuwa babban abin da ke cikin takin yuriya. Amma shuka ba ta iya cin ta daga iska. Cikin 1886 waɗansu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna cewa 'yan ƙululun nan da ke jikin saiwar wake da danginsa su ke kama ta. Cikin 1888 Beijerinck na Holan ya ware bakteriyar da ke zaune ciki. Wadda ke zama da gyaɗa da wakenmu galibi Bradyrhizobium ce.

Ma'aikacin da ke fasa naitirojin a cikinta yana da wata zuciya ta ƙarfe: zarrar baƙin ƙarfe bakwai, da ta molibdinam ɗaya tak. In ɗayan nan ta rasa, bakwai ɗin ba su da amfani. Ku dubi doguwar tafiyar da molibdinam ke yi. Daga ruwan ƙasa ya shiga saiwa, saiwa ta kai shi ƙululu, shuka ta miƙa shi ta tantanin da ta kewaye baƙuwarta da shi, sa'an nan ƙofar ModABC ta jawo shi ciki. Shuka ta ba da masauki da abinci da ƙarfe, baƙuwa ta biya da taki.

To, ƙasa mai yashi in ta yi tsami, ta kan riƙe molibdinam ta hana shi narkewa. A Sadore, kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, masu bincike na cibiyar ICRISAT sun gwada wannan. Suka tarar gyaɗa a irin wannan ƙasa tana da ƙululu, amma aikinsu ya raunana, da aka ba ta ɗan molibdinam sai kama naitirojin ya ƙaru. Abin da hekta guda ke bukata bai wuce 'yan giram ɗari kaɗan ba. Toka da takin dabbobi suna rage tsamin ƙasa, watau suna sakin abin da ƙasa ta riƙe. Amma kada wani ya ji wannan ya je ya zuba molibdinam barkatai. In ya yi yawa cikin harawa, ya kan hana dabba amfani da jan ƙarfe, ta kamu da zawo ta rame. Sai an nemi shawarar malamin gona.

7. A tumbin saniya

Kasuwar shanu ta Potiskum tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Kowace saniya da ke tsaye a can tana ɗauke da ƙananan halittu da ba su ƙidayuwa a babban tumbinta. Saniya da kanta ba ta iya narka ciyawa. Tana tuƙa ne ta niƙa musu, su kuwa su narka.

Wajen narkawar nan iskar haidirojin ta kan taru, in kuwa ta yi yawa aikin ya kan ja baya. Nan arkiya su ke shigowa. Su ke kwashe ta, su mai da ita iskar metan, saniya ta yi gyatsa ta fitar, lita ɗari ko fiye a yini. Ma'aikacin da ke yin matakin ƙarshe na wannan aiki yana da zarrar nikel a tsakiyarsa. An daɗe ba a san haka ba, domin kayan gwaji na ƙarfe suna sakin ɗan nikel cikin ruwan da a ke renon halittun, ba wanda ya lura. Sai cikin 1979 masana a Marbug ta Jamus suka tabbatar ba su girma sai da nikel. Ƙofofin da su ke jawo nikel da kobal dangin ABC ne, sai dai mai damƙe ƙarfen a cikin tantanin kansa ya ke zaune.

Kobal kuwa labarinsa ya shafi makiyayi kai tsaye. Bitamin B12 yana da zarrar kobal a tsakiya, ba kuwa mai iya ƙera shi a duniya sai bakteriya da arkiya. Saniya da tunkiya daga baƙin tumbinsu su ke samunsa. A ƙasar Ostareliya an yi shekaru tumaki suna ramewa suna mutuwa cikin ciyawa shar, har cikin 1935 aka gane ƙasar ce ba ta da kobal. Da aka ba su ɗan kaɗan suka warke. Shi ya sa a ke sa kobal cikin dunƙulen gishirin lasa na dabbobi. Ba saniyar a ke ciyarwa da shi ba, baƙinta a ke ciyarwa.

Wata arkiya kuma, Pyrococcus furiosus, da aka samo cikin 1986 a bakin teku kusa da tsibirin Bulkano na Italiya, ta fi jin daɗi a zafin tafasar ruwa. Ita tangistan ta ke so, tana da ƙofar ABC tata ta musamman dominsa.

8. Yaƙin ƙarfe a jikin mutum

Babban mutum yana da baƙin ƙarfe wajen giram huɗu a jikinsa, yawanci cikin jini. Wannan dukiya ce ga ƙwayar cuta. Saboda haka jiki ba ya barinsa a sake. Wanda ke yawo cikin jini, wani furotin mai suna taransferin ya riƙe shi. A cikin hawaye da nonon uwa akwai laktoferin mai yin aiki iri ɗaya. Farin ƙwai ma yana da nasa: cikin 1944 Schade da Caroline suka nuna cewa yana hana bakteriya girma ta wurin ɓoye ƙarfe, in an ƙara masa ƙarfe sai su girma. Watau jiki yana yaƙar cuta da yunwa, kamar masu kewaye gari su tare hanyar rijiya.

Ƙwayar sanƙarau, Neisseria meningitidis, ta san maganin wannan. Ba ta aika ɗan dako. Tana da furotin biyu a bangonta na waje, TbpA da TbpB. Su ke cafke taransferin ɗinmu, su buɗe shi da ƙarfi, su zare ƙarfen. TonB ya janye toshi, wata ƙofar ABC mai suna FbpABC ta ƙarasa. Abin mamaki, hannun nan nata an ƙera shi daidai da taransferin na mutum, ba ya kama na saniya ko na akuya. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ba ta da gida sai jikin ɗan Adam. Tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da sun sani ba, tana bi ta tari da numfashi, musamman inda aka cunkushe a ɗaki guda lokacin ƙura da zafi.

Ba labarin nesa ba ne. Cikin 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A farkon 2024 ya sake ɓulla a Jihar Yobe, har ya taɓa 'yan makarantun kwana a yankin Potiskum. A shekarar 2024 ɗin ce Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allurar riga-kafi mai tare iri biyar na ƙwayar. Mu da za mu riƙe ajujuwa da ɗakunan kwana, wajibi ne mu kula da buɗe tagogi, da rage cunkoso, da riga-kafi, da gaggauta kai yaro asibiti in ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya.

Sanin ƙofofin nan ya ba likitoci makami kuma. Akwai wani magani, sefidarokol, da aka ƙera a Japan, aka yarda da shi a Amurka cikin 2019. An ɗaura shi ne a jikin ɗan dakon ƙarya. Bakteriya ta ga ƙarfe ya zo, ta buɗe ƙofa da kanta ta jawo shi, kamar kifi ya haɗiye tana da ƙugiya a ciki. Ana aiki da shi kan waɗansu ƙwayoyin da suka gagari sauran magunguna.

9. Yadda za a koyar a aji

Ba sai da madubin likita ba. Ga abubuwa uku da kowace makarantar ƙauye za ta iya.

Na ɗaya, a kawo kofi biyu, ɗaya da ruwa ɗaya da man gyaɗa, a zuba gishiri cikin kowanne, a motsa. Yara su faɗi abin da suka gani, sa'an nan malami ya kawo zancen bango da ƙofa.

Na biyu, a sa ƙusa cikin ɗan ruwa kwana bakwai. A tace ruwan da farin ƙyalle, su ga tsatsa ta tsaya a kai ba ta narke ba.

Na uku, da damina a haƙo gyaɗa ko wake mai fure, da ƙasarsa, a wanke saiwar a hankali. Malami da kansa ya tsaga ƙululu da reza. In cikinsa ja-ja ne kamar nama, yana aiki, jan nan kuwa na baƙin ƙarfe ne, ɗan'uwan wanda ke cikin jininmu. In fari ne ko kore, ba ya aiki. A gwada na gonaki biyu ko uku, yara su ƙidaya su rubuta, su kai labari gida.

Tambayoyi

1. Don me narkakken ƙarfe ba ya shiga jikin bakteriya da kansa?
2. Faɗi ma'aikata uku na ƙofar ABC da aikin kowanne.
3. Ƙasarmu cike ta ke da baƙin ƙarfe. Me ya sa bakteriya ke wahalar samunsa?
4. Gyaɗa ta yi ƙululu da yawa amma ganyenta ya yi rawaya. Me za ka duba, wa kuma za ka tambaya?
5. Wa ke cin kobal ɗin da ke cikin gishirin lasa?
6. Ta yaya ƙwayar sanƙarau ta ke samun ƙarfe a jikin mutum?